Sabuwar Rauta da Tsohuwar Firinta

Aikin haɗa wa mutane rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, a gida ya koya mini in fara da tambaya ɗaya kafin ma in buɗe kwali: waɗanne na'urori ne a gidan, kuma wacce ta fi tsufa? Wayoyi da kwamfutocin zamani ba sa ba da wahala, da ka saka musu kalmar sirri sun hau. Rigimar daga tsohuwar firinta take fitowa, ko kyamarar tsaro ta bakin ƙofa, ko ɗan soket ɗin nan da ake kunnawa da waya.

Yawancin rautocin yanzu a zango biyu suke watsa siginal, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu, sai dai bango yana saurin cinye ƙarfinsa. Na 2.4 ya fi kai wa nesa, kuma shi kaɗai ne ƙananan na'urori da yawa suka sani. To rauta takan zo da zangunan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ita take zaɓa wa kowa inda zai hau. Sai ka ga waya tana kan 5, manhajar soket tana ta ƙoƙarin haɗa shi, fitilarsa na ƙyaftawa, can sai ta ce an kasa. Nan take mai kaya zai ce jabu aka sayar masa. Alhali soket ɗin lafiyarsa ƙalau. Da na raba zangunan, kowanne da sunansa, na mayar da wayar kan 2.4, sai fitilar ta tsaya cak.

Batun tsaro ya fi wannan sarƙaƙiya. A 2018 aka fito da tsarin tsaron Wi-Fi mai suna WPA3, kuma ya fi na baya, wato WPA2, ƙarfi, amma na'urar da aka ƙera kafin nan ba lallai ta gane shi ba. Tana ganin sunan Wi-Fi ɗin, ka saka kalmar sirri daidai, ta ƙi hawa, wani lokacin har ta ce kalmar ce ba daidai ba. Mutum sai ya yi ta sake rubutawa yana zargin yatsunsa. Akwai saitin da ke karɓar biyun tare, kuma galibi yana warware matsalar. Idan wata ta kafe duk da haka, nakan buɗe mata layin baƙi a zangon 2.4 da WPA2, sauran gidan kuma su zauna a kan mai ƙarfin. Abin da ba na yarda da shi shi ne a koma tsohon tsarin tsaro na WEP, ko a cire kalmar sirri gaba ɗaya don a lallashi na'ura guda. WEP cikin mintuna ake fasa shi. Na'urar da ba ta san komai ba sai shi, gara a jona mata kebul, ko a sallame ta.

Akwai kuma wadda ta fi ɗaure kai: jiya firinta na aiki, yau ko sunan Wi-Fi ɗin ba ta gani. Sau da yawa rautar ce ta sauya tasha da kanta a zangon 2.4, ta koma ta 12 ko 13, su kuwa na'urorin da aka ƙera don kasuwar Amurka yawanci a 11 suke tsayawa. Shi ya sa nake kafe ta a 1, 6 ko 11, tashoshi ukun da ba sa hawa kan juna. Idan kuwa firintar tana kan layi amma kwamfuta ta daina ganinta, adireshinta ne ya canza, sai in shiga saitin rauta in ware mata adireshi na dindindin.

Wurin ajiye rautar ba ya buƙatar dogon bayani: tsakiyar gida, a sama, ba cikin kabad ba, kuma nesa da maikurowef, don shi ma a kusa da 2.4 GHz yake aiki.

Kafin in tashi nakan shiga shafin saitin, galibi ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in canza kalmar sirrin da kamfani ya sa, in kashe WPS, wato saitin da ke haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, in sabunta manhajar rautar. Idan tsohuwa aka maye gurbinta, nakan ba sabuwar suna da kalmar sirrin Wi-Fi na waccan, harafi da harafi, sai yawancin na'urorin gidan su hau da kansu ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.