Asabar da littafin da ba a iya karantawa ba

Yau Asabar, babu makaranta, kuma tun bayan sallar Asuba hazo ya lulluɓe gari. Niyyata in duba takardun jarrabawar ɗalibaina, amma har aka kira La'asar ban taɓa ko ɗaya ba. Abin da ya cinye min yinin shi ne shafi biyu da na bugo jiya a shagon kwamfuta na bakin titi, daga littafin nan da ake kira Voynich.

Sunan ba na marubucin ba ne, na wani dillalin tsofaffin littattafai ne, Wilfrid Voynich, wanda ya saye shi a Italiya a 1912. Yanzu yana ɗakin karatu na Beinecke a Jami'ar Yale da ke Amurka, kuma sun ɗora hotunan shafukansa a intanet don kowa ya gani. Shafi wajen 240 ne, rubutun hannu da wasu baƙaƙe da ba a san su ba, a kan fatar maraƙi, da aka auna shekarun fatar a 2009 sai aka samu tsakanin 1404 da 1438 take. Shekara 600 ke nan, har yau ba wanda ya karanta ko layi ɗaya masana suka yarda da karatunsa.

Shafin da na fi daɗewa a kai na wani tsiro ne. Rubutun ya taho daga hagu, ya iso jikin karan, ya tsallake shi ya ci gaba a ɗaya gefen, alamar zanen aka fara yi kafin rubutun. Hannun a natse yake, babu kankara, babu rawar alƙalami. Duk wanda ya taɓa rubutu da tawada ya san hannu ba ya tafiya haka sai in ya saba da baƙaƙen.

Sai na ɗauko fensir na ce bari in gwada dabarar Al-Kindi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda ya bayyana cewa ko an canza wa haruffa kama, yawansu zai tona musu asiri. A Hausa, alal misali, “a” ce ke kan gaba; ko da tauraro ka maye gurbinta, mai ƙirge zai gane ta. Na ja layuka a bayan takarda na fara lissafi. Akwai wani baƙi mai kama da “o” da ya cika ko'ina. Akwai mai kama da 9 da ke son ƙarshen kalma. Akwai wasu dogaye masu ƙafa biyu da ke yawan tsayawa a farkon sakin layi. Tsari dai ga shi nan a fili, amma da na zo ɗora shi a kan harshe sai komai ya watse. A cikin littafin har kalma ɗaya kan zo sau biyu ko uku a jere.

Ban yi mamakin kasawata ba. William Friedman, masanin rubutun sirri na Amurka, wanda ayarinsa ya warware rubutun sirrin jakadun Japan a 1940, ya yi shekaru a kan wannan littafi, ƙarshe ya karkata ga cewa wataƙila ƙirƙirarren harshe ne.

Wajen azahar ƙaramar 'yata ta leƙo ta kafaɗata. “Abba, wane yare ne wannan?” Na ce, “Ba wanda ya sani, 'yata.” Ta yi shiru kaɗan ta ce, “Ai wanda ya rubuta ya sani.” Daga nan ta juya ta ce wa yayarta, “Zodo mudu tadafidi,” suka fice suna dariya. Zaurancensu na gane shi nan take, don mu ma mun yi shi muna yara, mabuɗin yana hannuna. Maganarta cewa wanda ya rubuta ya sani ita ce ta zauna min a rai.

Wasu na cewa duk yaudara ce, an yi shi ne don a ci kuɗin masu son abin al'ajabi. Suna da abin kamawa, tunda wata wasiƙa da aka samu tare da littafin ta ce Sarki Rudolf na Biyu, wani sarkin Turai da ya zauna a birnin Prague, ya taɓa sayensa a kan tsabar zinariya 600. Ni dai zuciyata ba ta karɓi wannan ba. Fatar maraƙi ba araha gare ta ba, ga watannin da mutum zai yi a duƙe yana jera baƙaƙe cikin tsari ɗaya. Na fi ganin mutum ne mai abin faɗa, waɗanda suka san mabuɗinsa suka mutu ba su bar wa kowa ba.

Bayan Magariba aka ɗauke wuta. Na kunna fitilar waya na jawo gafakar marigayi kakana daga saman kwaba, na daɗe rabona da buɗe ta. Takardun ajami ne, sun yi ja, gefensu ya fara marmashewa. Wasu na karanta da ƙyar, waƙar wa'azi ce da lissafin bashi. Amma akwai guda uku masu hatimi, gidaje cike da lambobi da baƙaƙe a warwatse, ban gane komai a ciki ba. Mahaifina ne ya san su, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu duka.

Na ware ukun na sa su cikin ambulan. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan sallar Asuba zan kai wa tsohon limamin unguwarmu, don tare suka yi karatu da mahaifina.