Tarihin John Smibert Mai Zanen Fuskoki: Kashi na Uku

Makon jiya mun tsaya inda Smibert, haifaffen Edinburgh, ya sauka a Newport ta Amurka a watan Janairun 1729 tare da malamin coci George Berkeley, wanda ya zo da niyyar kafa kwaleji a tsibirin Bermuda. Fam 20,000 da majalisar Birtaniya ta yi alkawari bai fito ba, Berkeley ya koma gida a 1731. Shi kuwa Smibert tuni ya tare a Boston, ya yi aure a 1730, attajirai da alƙalai suna zuwa ya zana su.

A wannan sana'a girman ƙyalle ke yanke farashi. Inci 30 da 25 na kai da ƙirji ne, inci 50 da 40 kuma ya kai gwiwa. Ana ɗaure ƙyallen lilin a jikin firam ya yi tsantsan, a shafa masa gam na fatar dabba, sannan a bi da farar dalma da aka kwaɓa da man 'ya'yan lilin. Wanda ya tsallake gam ɗin ya yi asara, domin mai zai ratsa zaren ya ruɓar da shi. Daga nan sai a fitar da siffa, a yi shafin farko siriri, a bari ya bushe sarai. Dole shafin sama ya fi na ƙasa maiƙo. In aka juya, saman zai riga ƙasan bushewa, fuskar ta tsattsage.

Fuska ce ke zaunar da wanda ake zanawa. Tsayuwa da naɗin tufafi sau da yawa daga hotunan ɗab'i na Landan ake kwaikwayo, shi ya sa matan Boston da dama suka fito da riga kusan iri ɗaya. Ba na ganin wannan aibi ne, domin kamannin manyan Landan masu kuɗin suke biya.

Launi da buroshi daga Ingila ake kawowa, don haka a 1734 ya buɗe shagon sayar da su a gidansa. A ɗakin aikinsa ya rataye kwafin zanukan da ya yi a Italiya, ciki har da na hoton Kadinal Bentivoglio, wani babban malamin cocin Katolika, wanda mai zane Van Dyck ya zana. A lokacin garin ba shi da makarantar zane, nan matasa suke zuwa su ƙura ido su koya, har bayan rasuwarsa a 1751.

Mako mai zuwa za mu duba yadda ya tsara ginin Faneuil Hall na 1742, wato kasuwa da zauren taro na Boston, da ciwon idon da ya raba shi da buroshi.