Ƙanƙara a Sakkwato: abin da inji huɗu suka koya mini

Sana'ata ƙanƙara. Ina ɗura ruwa a leda, inji ya daskarar, in sayar wa masu kunun zaƙi da soɓo, da masu fura, da 'yan kifi. Da firiza biyu na fara a zauren gidanmu a Mabera, har Allah Ya hore mini inji biyu na sosai, irin waɗanda maƙeran gida ke haɗawa.

Wanda ya taɓa yin Afrilu a garin nan ya san yadda zafi ke haura digiri 40, iska ta riƙa bugun fuska kamar an buɗe tanda. To a cikin wannan zafi aka ɗauki azumin 2021, ranar 13 ga Afrilu, na 2022 kuma ranar 2 ga wata. Daga sallar la'asar ƙofarmu ba ta shiguwa. Yara da kuloli, mata da bokitai, 'yan kabu-kabu da aka aiko daga wuraren tafsiri, kowa na miƙo kuɗi ta saman kan wani. Kafin ƙarfe biyar kaya sun ƙare. Har yau ina tuna wata dattijuwa da ta riƙe ƙyauren ta ce, "Ɗana, ko ɓalli guda ka ba ni, maigidana ba ya da lafiya." Na kankare ƙasan inji na zuba mata a kwano, na kwana da abin a raina.

Sallah na wucewa na kwashi adashina, na ranci sauran wurin yayana, na ƙaro inji biyu. Lissafina a lokacin ɗaya ne: mutanen da nake mayarwa hannu wofi. Ban tsaya na tambayi kaina kwana nawa ne a shekara ake irin wannan layi ba.

Wuta ce ta fara nuna mini kuskurena. Taransifomar lungunmu gidaje take ɗauke da su, da ƙyar take riƙe fanka da talabijin. In na tayar da inji huɗu tare, ƙwan fitila ya koma ja kamar garwashi, kwamfuresa, wato zuciyar injin da ke kawo sanyi, ta yi ta nishi ba ta tashi. Cikin wata biyu guda ta ƙone. Mai gyaran da ya zo, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya dubi wayoyin ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wanga layi ba ya ɗaukar kayanka. Ko goma ka ajiye, aikin guda za su yi maka." Gaskiya ya faɗa. Abin da maƙeri ya ce inji na ɗauka a zubi ɗaya daban, abin da za ka fitar a wuni daban. Ruwan leda yana son wuta mai ƙarfi ta awanni a jere kafin cikinsa ya kama. In aka ɗauke a tsakiya, sai ka tarar da bayansa ya yi tauri, cikinsa ruwa, kuma mai saye yana girgizawa a kunne zai ajiye maka abinka.

Sai damina ta sauka, ciniki ya ja baya. Hunturu ya biyo, a Disamba da Janairu sai in wuni ban sayar da rabin zubi ɗaya ba. Ga bashi, ga inji a rufe da buhu. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareton da nake cike giɓi da shi ya fi ƙarfina. Na sayar da inji ɗaya da hasara, na fara neman wurin komawa.

Dillali ya kai ni wani fili ta hanyar Gusau, bayan Kwannawa. Ga faɗi, ga araha, har raina ya biya. Amma ƙanƙara kaya ne da ke raguwa a hanya. Na yi gwaji da kaina: na loda buhu biyu a Keke Napep da azahar, na lulluɓe da ƙaiƙayin shinkafa, muka yi irin wannan nisa zuwa cikin gari. Abin da ya zube a ƙasan keken, haɗe da kuɗin mai keke, ya cinye sauƙin hayar. Yarinya mai tallan soɓo ma ba za ta je can ba, ita ƙafa take takowa da kula a ka. Rumfar da aka nuna mini kusa da babbar kasuwa kuwa mutane kamar ƙasa, sai dai ba ruwa, kullum sai 'yan garuwa, kuma ruwan da bai da tsabta ƙanƙararsa fitowa take da duhu.

Daga nan na daina tambayar dillalai zancen wuta, domin kowanne zai rantse maka ba a ɗaukewa. Masu walda da masu injin niƙa na koma bi, su da abincinsu ke rataye da ita. Wurin da nake yanzu, sati biyu na yi ina zuwa shagon wani mai walda da ɗan littafina, ina rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, na dare kuma maigadin layin ya faɗa mini da safe. Sai da na ga wutar mai layi uku ce, akwai rijiyar burtsatse a gidan, keke na iya shiga har ƙofa, sannan na biya haya, ko da ta kusa ninka ta wancan filin.

A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a wuni, zuwa naira 225 kowane yunit. Na ji a jikina ƙwarai. Duk da haka da na auna da kuɗin mai, mita ta fi mini sauƙi, kuma kwamfuresa ta huta da ƙonewa.

Abin da ya fi taimakona bai ma kai kuɗin inji ba. Ɗaki na gyara, na liƙa masa soso da kwano, na jera tsofaffin firiza a ciki. Masu saye cikin awa uku suke zuwa, tsakanin la'asar da magariba, inji kuwa dare da rana yake aiki. Abin da aka fitar da asuba da hantsi sai ya jira su a ɗakin. Da inji uku nake biyan mutanen da huɗu suka kasa. Yara biyu ne nawa na dindindin, in bazara ta kama in ƙara huɗu, kuma tun ranar ɗauka nake faɗa musu aikin na wata uku ne, don kada a rabu da ɓacin rai. Da hunturu inji ɗaya ke aiki, firizojin kuma 'yan kifi da masu yogot su ajiye kayansu su biya ni.

Yanzu kalanda nake kallo. Azumi yana matsowa da kwana 10 zuwa 12 kowace shekara: 23 ga Maris a 2023, 11 ga Maris a 2024, 1 ga Maris a 2025, kuma zuwa 2030 a farkon Janairu Sarkin Musulmi zai sanar da ganin wata, cikin tsakiyar sanyi. Layin da na gani a 2022 azumi ne da bazara suka haɗu, ga shi suna rabuwa. Gidaje da dama kuma sun sa sola suna daskarar da nasu. Kwanan baya maƙerin da ya haɗa mini injina ya kira, wai akwai wani babba da zai bar mini a biya sannu a hankali. Na yi masa godiya na ce a'a. Kuɗin da na tara fanel ɗin sola zan saya wa famfon rijiya, sauran in ƙarasa biyan yayana.