Daga Ringim zuwa Farafenni: tafiyar malami aikin sa-kai

Shirin da ya kai ni Gambiya shi ne wanda aka fi sani da TAC (Technical Aid Corps), wato shirin tura ƙwararrun ma'aikata su taimaka wa wasu ƙasashe, wanda gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje. Ana ɗaukar malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, a tura su ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da tsibiran Fasifik, kowa ya yi shekara biyu. Najeriya ce take biyan alawus, ƙasar da ta karɓi mutum kuma ta ba shi masauki. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Ringim, kuma har yanzu abokan aiki suna tare ni da tambayar yadda ake shiga.

A ganina, tafiya irin wannan a gida ake gyara ta ko a ɓata ta, tun kafin a ga filin jirgi. Shekara biyu damina biyu ce, don haka na zaunar da ƙanena a gaban Baba muka tsayar da magana a kan gona: wanda zai sayi taki, da buhun gero nawa za a kai ɗakin iyalina bayan girbi, da abin da zai zama ladan wahalarsa. Baba ya ce, "Malam, ka faɗa a gaban mutane, zumunci ba ya hana shaida." Na kuma ƙi motsawa sai da na karɓi takardar sakina daga wurin aiki a rubuce, wadda ta fayyace matsayin albashina da ƙarin girmana, domin alkawarin baki ba ya tsira idan aka canza shugaba. Inna kuwa ba ta ce komai a kan wannan duka ba. Ta ƙulla mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, kowanne a ledarsa, ta ɗaure bakinsu da zare, sannan ta ce, "Ɗan nan, ka riƙe salla, kada kuma ka raina abincin mutane."

Daga Kano na bi ta Zariya da Kaduna zuwa Abuja, inda aka yi mana bita, aka duba fasfo da katin rigakafin cutar shawara. Mun sauka a filin jirgin Yundum da ke kusa da Banjul, daga bisani na shiga jirgin fito na tsallaka bakin kogin Gambiya zuwa Barra, motoci da tumaki da 'yan kasuwa duk a jirgi ɗaya, sannan na kama hanyar arewacin kogin zuwa Farafenni, garin da yake dab da iyakar Senegal. A kusa da nan ne gadar Senegambiya take, wadda aka buɗe a 2019. Ƙasar ba ta yi mini baƙunta ba, domin gonakin gyaɗa ne da gero da bishiyoyin kuka, ga kiran salla ta kowace kusurwa.

Wannan kamannin ne yake ruɗin mutum, ya ɗauka ya san wurin. Da Turanci ake koyarwa, amma da zarar an tashi daga aji sai Mandinka da Wolof da Fulatanci, kuma ɗan Fulatancin da na tsinta a wurin makiyayan garinmu bai wuce gaisuwa ba, saboda nasu ya sha bamban da namu. Abin da ya buɗe mini ƙofa shi ne zaman shayin da suke kira ataya, wanda ake dafawa zagaye uku a 'yar ƙaramar buta bisa gawayi, ana ɗaga hannu ana juya shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Wanda ya sha na farko ya miƙe yana cewa yana da aiki, to, an riga an gane halinsa. A wurin zaman na koyi sunayen iyayen ɗalibaina, na kuma gane dalilin da ya sa aji yake raguwa lokacin tonon gyaɗa, sai na daina sa jarrabawa a waɗannan makonnin. Malaman da na tarar sun fi ni sanin yaransu, kuma ɗan Najeriya da ya je da ɗaga kai, yana cewa mu a wajenmu ba haka ake yi ba, zai gama wa'adinsa ba shi da abokin cin kwano.

Maganar kuɗi ita ce inda mutane suka fi yaudarar kansu. Da dalasi, kuɗin ƙasar, ake cefane, kuma ko an ba da masauki, shinkafa da domoda, wato miyar gyaɗarsu, da kuɗin mota da na waya duk daga aljihun mutum suke fita, ga 'yan'uwa a gida sun ji an tafi ƙasar waje sun fara lissafi. Ya kamata a tafi da abin da zai riƙe mutum watannin farko, a kuma shaida wa dangi tun wuri iyakar abin da za a riƙa aikowa da lokacin aiko shi. Wanda yake da tsohon uba, ko matarsa take da juna biyu, ya tambayi ƙa'idar hutu da wanda zai biya tikiti idan larura ta taso, ya sami amsar kafin ya sa hannu a takarda.