Yaran lesin ɗina da kalmar "actually"

Ina koyar da Turanci a lesin yamma nan Mabera, yawanci yara masu shirin WAEC da NECO, kuma akwai kalma guda da ta ishe ni cikin takardunsu, wato "actually". Yaro zai rubuta wasiƙa zuwa ga kawunai ya fara da ita, ya jefa ta tsakiya, ya rufe da ita, in ka tambaye shi mi take nufi ya ce maka "a gaskiya" malam. To ba ƙarya ya yi ba, amma da sauran zance.

Rannan na hana kowa buɗe dikshinari na ce mu fara da Hausa tukun. Na ce wani ya ce maka gobe Juma'a alhali gobe Alhamis, mi za ka ce mai? Sunka ce ai Alhamis ce malam. Na ce to wagga "ai" da kunka faɗi yanzu ita ce, babban aikinta kenan, mutum ya ɗauka abu kaza ne kai kuma ka san ba haka ba ne sai ka gyara mai. Sai na tambaye su ina anka haifi Shehu Usmanu, da yawa sunka ce Sakkwato tunda ga Hubbare nan cikin gari, na rubuta a allo "Actually, he was born in Maratta", can ƙasar Gobir a 1754, nan Sakkwato rasuwa ya yi a 1817. Aji ya yi tsit, wata ta ce ashe! Na ce yauwa, ita ma "ashe" ɗin 'yar gida ce.

Don in "actually" ta shigo tsakiyar jimla mamaki take ɗauka. Wanda kake bi bashi har ka fidda rai sai ga shi da kuɗi a hannu, Bature zai ce "He actually paid", wato wallahi fa ya biya. Akwai kuma ta canza shawara, kana gun mai shayi ka ce a soya ƙwai ɗaya sai ka ce kai, sa biyu ma, nan ma ita suke sawa gaba.

Inda munka daɗe shi ne bambancinta da "really". Zafin Afrilu na garin nan da mashin ma sirdinsa ba ya zaunuwa, in kana son ka ce zafi ƙwarai to "really hot" ne. In ka ce "actually hot" sai dai in akwai wanda ya zaci sanyi ake, kuma ban san wa zai zaci haka a Sakkwato ba.

Akwai wani yaro ɗan Konni da ya yi firamare da Faransanci kafin ya ƙetaro ta Illela, shi kullum sai ya rubuta "Actually I live in Sokoto" yana nufin yanzu nan yake zaune. Dalili, a Faransanci "actuellement" ma'anarta a halin yanzu, tushensu ɗaya daga Latin amma kowa ya kama hanyarsa. Na ce mai in yanzu kake nufi "currently" ko "now" za ka sa, ya yi dariya ya ce shi ya sa 'yan Najeriya ke kallonsa wani iri.

Abin da na fi ja masu kunne kai shi ne magana da manya. Tunda kalmar gyara ce, ka tsaya gaban malaminka na jami'a ko wurin intabiyu kana "actually sir" kowane minti, kamar kana ce mai ai ba haka ba ne kenan. Mu ko a Hausa ba ka yi ma babba haka kai tsaye, sai ka ce Allah shi gafarta malam na ɗauka kaza ne.

Yanzu kafin su miƙo takarda kowa sai ya ɗora yatsa ya rufe kalmar ya karanta jimlar ba ita, in ba abin da ya ragu ya soke ta da biro. Wasiƙun sun fara sauƙi, sai dai wasu sun koma "basically", ita kuma sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.