Littafin ɗaura ƙwaron fatsa: wanne ya kamata mazaunin Jidda ya saya?

Kifin turawut ruwan sanyi yake so, don haka mu mazauna Saudiyya sai hutu ya kai mu Turkiyya ko Bosniya muke haɗuwa da shi. Amma ɗaura ƙwaron yaudararsa a ƙugiya, da zare da gashin tsuntsu, a ɗaki ake yi.

Kafin ka biya kuɗin littafi, buɗe shafi ɗaya ka duba. Ya faɗi lambar ƙugiya da kaurin zare? A ƙugiya, lamba na hawa girma na raguwa: 16 ta fi 12 ƙanƙanta. Zare mai lamba 6/0 ya dace da manyan ƙugiyoyi, 8/0 da ya fi siriri kuma da ƙanana, in ba haka ba kan ƙwaron ya yi kumburi ya toshe idon ƙugiya. Littafin kirki zai ba ka awon ƙwaron da ake so ya yi yawo a saman ruwa: jela daidai tsawon sandar ƙugiya, gashin zakaran da ake naɗa wa ƙugiyar kuwa kamar ninki ɗaya da rabi na faɗin bakinta. In gashin ya gaza haka, ƙwaro na iya nutsewa maimakon ya yi yawo a saman ruwa.

Littafi mai samfurin ƙwaro dubu ba hoton mataki-mataki, bar shi a kanta. Ga mai koyo, samfurori uku da ake kira Woolly Bugger, Pheasant Tail Nymph da Adams sun isa.

Nemi mai ɗaurin waya, wanda ke kwanciya a buɗe, tunda hannuwanka biyu suna aiki. Ya kuma kawo madadin kayan, domin gashin wasu tsuntsayen doka ta hana shigo da shi, sauran ma yawanci ta intanet za ka yi odarsu.