Sata ce ko cin amana? Abin da na fahimta bayan raka Kawu kotu

Makonni kaɗan da suka wuce na raka kawuna kotun majistare a nan cikin garin Kaduna, saboda ƙorafin da ya kai a kan yaron shagonsa. Kawu yana sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma ya damƙa wa yaron dila biyu na kaya domin ya kai wa wani abokin ciniki a Zariya, sai yaron ya sayar da su a hanya, ya kashe wayarsa. Tun daga gida har ƙofar kotu kalma ɗaya Kawu yake maimaitawa, wato ɓarawo. Amma da aka karanta tuhumar, ba a ambaci sata ba, laifin cin amana aka karanto. Kawu ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kai ɗan nan, ba haka na faɗa wa 'yan sanda ba." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri mu fita tukuna, zan yi bayani."

Bayanin ya fi tsawon tafiyarmu zuwa gida, shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi.

A bakin mutanen kasuwa duk wanda ya raba ka da dukiyarka ɓarawo ne, amma doka tana fara tambayar yadda dukiyar ta shiga hannunsa. Idan ya ɗauke kayan da ake iya motsawa daga hannun mai shi, ba da yardarsa ba, kuma da mugun nufi, wannan ita ce sata, kuma laifin ya cika tun daga lokacin da ya gusar da kayan domin ya ɗauke su, ko da bai kai ga fita da su daga shago ba. Idan kuwa kai da kanka ka damƙa masa kayan bisa amana, domin ajiya ko aike, daga baya ya karkatar da su zuwa amfanin kansa, to cin amana ne, kuma nan ne yaron Kawu ya faɗa. Idan tun farko ƙarya ya shirya maka, har ta sa ka miƙa masa kuɗi da hannunka, wannan damfara ce. Abin lura shi ne lambar 419 da kowa yake kiran 'yan damfara da ita ta samo asali ne daga sashe na 419 na kundin laifuffukan da jihohin Kudu suke amfani da shi, ba daga namu ba.

Namu kundin, wanda dattawa suke kira Final Kod, an yi shi a 1959 domin Jihar Arewa, ya fara aiki a 1960, kuma an gina shi a kan na Sudan, wanda shi ma ya samo tushe daga na Indiya na 1860. Jihar Kaduna ta yi sabon kundinta a 2017, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufai, tare da sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka. Saboda haka duk wanda ya haddace cewa hukuncin sata yana sashe na 287, to tsohon kundi yake karantowa, domin lambobin sun sauya a Kaduna, ko da yake ma'anar yawancin laifuffukan tana nan yadda aka san ta. Akwai kuma kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci da jihar ta yi a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, wanda kotunan shari'a suke aiki da shi a kan Musulmi.

Inda na fi ganin mutane suna rikicewa shi ne tsakanin damfara da bashi. Mutumin da ya karɓi kaya bashi da niyyar biya, sannan kasuwa ta juya masa baya, bai aikata laifin da za a ɗaure shi ba, magana ce ta neman haƙƙi a gaban alƙali. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wanda ake zargi. Duk da haka, a ganina, 'yan kasuwa da yawa sun mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi, kuma kalmar damfara ce mabuɗin da suke buɗe ƙofar da shi. Mai gabatar da ƙara sai ya nuna cewa yaudarar ta riga karɓar kuɗin, abin da ba ya tabbata da rantsuwar mai kaya kaɗai.

Sata tana komawa fashi idan aka haɗa ta da duka, ko tsare mutum, ko jefa shi cikin tsoron mutuwa ko rauni nan take. Idan da makami, maganar ta wuce majistare zuwa babbar kotu, kuma dokar tarayya ta tanadi kisa a kan fashi da makami. Wanda ya sayi kayan sata alhali ya sani, ko yana da dalilin da zai sa ya gane, shi ma yana da nasa laifin, kuma arha mai yawa tana iya zama hujja a kansa. Wannan ne ya sa wanda ya sayi dilolin Kawu a rabin kuɗinsu ya kwana biyu bai buɗe shago ba, domin doka tana lissafa kayan da aka samu ta hanyar cin amana cikin kayan sata.

A ɓangaren jiki ma akwai matakai. Mari ko naushin da ya jawo ciwo rauni ne, amma karya ƙashi, ko fitar da haƙori, ko lalata ido, ko ɓata fuska har abada, mummunan rauni ne, kuma hukuncinsa ya fi tsanani. Kisan kai kashi biyu ne: wanda hukuncinsa kisa ne, idan an yi shi da niyya ko da sanin cewa aikin zai kai ga mutuwa, da wanda bai kai haka ba, kamar wanda ya auku bayan tsokana mai tsanani ta ba-zata ko cikin faɗan da ya ɓarke ba tare da shiri ba. A kan fyaɗe kuwa, gyaran da Kaduna ta yi a watan Satumba na 2020 ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14.

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta kowa sai da laifin da rubutacciyar doka ta fayyace shi, ta kuma faɗi hukuncinsa, kuma wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Da na kai nan Kawu ya katse ni ya ce shi dai a maido masa da kuɗin dilolinsa, ko da wane suna aka kira abin. Yaron ya musanta tuhumar, an ba da belinsa, kuma an umarci Kawu ya zo zama na gaba da rasidin kayan da kuma wanda aka damƙa su a gabansa.